Kiɗan da ke Cewa Ba a Ji Ciwo Ba

Akwai wani kiɗa da kusan duk mai riƙe da babbar waya a nan Zazzau ya saba da shi. Fiyano ne mai gaggawa, mai tsalle-tsalle, yana hawa yana sauka ba ya tsayawa shan iska. Za ka ji shi a bas ɗin da ke jigila tsakanin Samaru da Sabon Gari, za ka ji shi a teburin mai shayi a Hayin Dogo, za ka ji shi a rumfunan masu cajin waya da tura finafinai a PZ. A kan gajerun bidiyo ake ɗora shi: wani ya zame a taɓo, rago ya tunkuyi wani, kujera ta karye da wani a wurin walima. Sau da yawa akan cire wa hoton launi ya koma baƙi da fari, a ƙara masa gudu, don ya yi kama da finafinan da. Da zarar kiɗan ya tashi, tun ido bai gama gane abin da ke faruwa ba, baki ya riga ya buɗe.

Idan aka kai irin wannan magana gaban malamai, tambayar da ke fara fitowa ita ce ko kiɗa halal ne ko haram. Tsohuwar muhawara ce. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya lissafa shagala da kaɗe-kaɗe cikin abubuwan da ya soki sarakunan zamaninsa da su a Kitabul Farƙi, Imamu Gazali kuwa ya ware babi guda a Ihya'u yana bayyana inda sauraro ya halatta da inda ya haramta. Wannan fagen masu fatawa ne, na bar musu. Abin da ya dame ni daban ne, kuma ya shafi har wanda ya gamsu cewa kiɗa ba laifi ba ne. Shin kiɗa yana iya yin ƙarya?

Bai kamata Bahaushe ya yi mamakin wannan tambaya ba, domin a wurinmu kiɗa magana ne. Kowane basarake da takensa, kowane ɗan dambe da nasa, manoma a wurin gayya sun san abin da ganga ke ce musu. Muna yara, in aka ji kalangu daga wajen mahauta, kowa ya san an yi yanka, sai ka ga mata sun fara aiken yara da kwano. Da makaɗin zai buga alhali ba a yanka komai ba, ba wanda zai ce ai sauti ne kawai. Cewa za a yi ya yi wa gari ƙarya. To, wannan fiyanon ma yana da abin da yake faɗa, kuma kullum abu ɗaya ne: ba a ji ciwo ba, ku yi dariyarku. Shaida yake bayarwa. Akwai inda shaidar tasa gaskiya ce, akwai inda zur ce, kuma addini da hankali duka sun ɗora mana nauyin rarrabe su.

Kiɗan ya girmi kakanninmu. Ranar 28 ga Disamba 1895, wasu 'yan'uwa biyu, Auguste da Louis Lumière, suka haska fim ga jama'a masu biyan kuɗi a birnin Paris na Faransa, kuma cikin 'yan gajerun hotunan da suka nuna har da na barkwanci. Mai ban-ruwan lambu yana riƙe da tiyo, wani yaro ya taka tiyon, ruwa ya ɗauke, mutumin ya leƙa bakin tiyon, yaron ya ɗage ƙafa. Fim ba shi da murya a lokacin, haka kuma ya zauna shekara talatin da 'yan kai, har zuwa fitowar The Jazz Singer a 1927. Zama a duhu ana kallon mutane suna motsi shiru, ga ƙarar injin haskawa, abu ne mai nauyi a rai. Sai masu gidajen kallo suka ɗauki makaɗa. Ƙaramin gida ya ajiye mai fiyano ɗaya a gindin allo, babban gida ya ajiye ƙungiya guda.

Sana'ar ta bunƙasa har aka buga mata littattafai. A 1913 J. S. Zamecnik ya fitar da kundin kaɗe-kaɗe don masu fiyanon sinima, a 1924 Ernö Rapée ya fitar da nasa mai kauri, inda aka jera kiɗa bisa yanayi: ga na gudu, ga na tsoro, ga na jana'iza, ga na soyayya, ga na ban dariya. Na ban dariyar ya ɗebi da yawa daga ragtime, salon baƙar fatar Amurka da Scott Joplin ya yi suna da shi. Shi kuwa gudun nan da muke gani, da hannu ake juya kyamara a zamanin, tana ɗaukar wajen hoto 16 zuwa 18 a daƙiƙa. Masu barkwanci irin na kamfanin Keystone, wanda Mack Sennett ya kafa a 1912, sukan rage juyin da gangan, don in an haska a ga mutane suna fizge-fizge. Tun a can aka raba aiki gida biyu. Hoto ya nuna abin da ya faru, kiɗa ya gaya wa zuciya yadda za ta ɗauke shi.

Ta hanyar majigi abin ya iso mana. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, lebura ne a gonar gwaji ta Samaru, wadda ke aiki tun shekarun 1920, kuma ya sha ba mu labarin yadda mota kan zo da la'asar, a kafa farin ƙyalle a fili, a ta da inji bayan isha'i, gari ya hallara. Turawan mulkin mallaka sun kafa sashen shirya finafinai a 1939 ƙarƙashin William Sellers, manufarsu koyar da tsafta da noma da bin hukuma. Daga baya gwamnatin Jihar Arewa ta yi irin nata, kamar Baban Larai na shekarun 1950, mai jan hankalin manoma kan auduga. Amma sun san wa'azi kaɗai ba ya zaunar da taro, don haka sukan haɗa da gajerun finafinan Charlie Chaplin. Mai sharhi yana tsaye da lasifika yana sa wa mutanen allo Hausa a baki. A Sabon Gari kuwa, garin da ya tashi bayan isowar layin dogo a 1911, gidajen sinima sun zaunar da Bahaushe da Bayarabe da Ibo da Banufe a benci ɗaya. Barkwancin da ba magana a ciki ba ya neman tafinta, kowa da rabonsa.

Ba kuma a kan fako wannan baƙo ya sauka ba. Muna da 'yan kama da 'yan gambara, waɗanda ganga ke rako kowace zolaya tasu. Muna da tashe, inda daga goma ga azumi yara kan sa gemun auduga su ɗaura tsumma a ciki, suna kaɗa gwangwani suna tangaɗi. Marigayi Ƙasimu Yero, ɗan Zazzau, wanda ya rasu a 2017, ya sa Arewa dariya da Karambana. Usman Baba Pategi ya yi Samanja har sojoji da kansu suka riƙa dariyar bariki. Rabilu Musa Ibro, wanda ya rasu a Disamba 2014, ya gina finafinan camama a kan gudu da faɗuwa da shan duka, fiyanon Yamaha na ɗakunan kiɗan Kano yana biye da shi taku bayan taku.

A duk waɗannan, shaidar da kiɗan ke bayarwa gaskiya ce. Wanda ya faɗi ya san zai faɗi, shi ya zaɓi wurin, ya koyi yadda zai sauka, an biya shi, kuma dariyarmu ita ce ribar kasuwancinsa. Buster Keaton tun yana ɗan ƙarami mahaifinsa ke wurgi da shi a dandamali, har faɗuwa ta zama masa sana'a. Ba wai ba sa jin jiki ba ne. Keaton ya tsage ƙashin wuya a wurin ɗaukar Sherlock Jr. a 1924, sai bayan shekaru likita ya gano. Amma shi ya ɗauki wannan kasada da yardarsa, kuma mutuncinsa bai zube ba, ƙaruwa ma ya yi. Idan kiɗa ya ce mana mu yi dariya a nan, da izinin mai jikin yake magana.

Musulunci bai yi gaba da irin wannan dariya ba. Aya ta 43 a Suratun Najmi ta jingina sa dariya da sa kuka ga Allah shi kansa. Suratun Namli ta ba da labarin Annabi Sulaimanu yana murmushi saboda maganar tururuwa. Tirmizi ya ruwaito cewa sahabbai sun yi mamakin yadda Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yake yi musu raha, sai ya bayyana musu cewa ko a cikin raha ba ya faɗin komai sai gaskiya. Cikin sahabbai akwai Nu'aimanu, wanda ya shahara da barkwanci, ba a kuma kore shi daga majalisa ba. Iyakar da aka gindaya ita ce gaskiya da mutunci. Abu Dawuda da Tirmizi sun ruwaito gargaɗi mai tsanani ga wanda ke ƙirƙiro ƙarya don ya ba mutane dariya, aya ta 11 a Suratul Hujurati kuma ta hana wasu mutane yi wa wasu izgili, maza da mata, domin ta yiwu wanda ake yi wa ya fi mai yi daraja a wurin Allah.

Abin da ya sauya a zamaninmu shi ne an raba kiɗan da masu sana'arsa. Yana kwance cikin manhajar waya kyauta, kowa na iya ɗora shi a kan kowa. Ɗan ƙanwata yana da ɗan shago a Sabon Gari, yana tura finafinai yana haɗa bidiyon biki da suna. Yaro ne mai ladabi, ba ya wasa da salla. Wata damina na biya ta wurinsa, na tarar da samari sun yi cincirindo a kan wani bidiyo da ya gama haɗawa. Wani dattijo ne a kan keke wajen Kwangila, ya ɗauro kiret-kiret na ƙwai a baya. Taya ta faɗa ramin da ruwa ya rufe, ya kife. Ya yunƙura zai tashi, santsin ƙwan ya sake kwashe shi. An cire launi, an ƙara gudu, fiyano yana ta tsalle, kuma daidai faɗuwa ta biyu aka sa wata ƙara mai kama da busar usur. Shagon ya kaure da dariya.

Na ce ya nuna mini yadda aka turo masa tun farko. Ya buɗe. Hoto ɗaya ne, amma yanzu ana jin ƙarar ƙarfe a kan kwalta, ana jin salatin wata mata daga gefe, ana jin numfashin dattijon. Yana zaune a cikin ruwa yana duban ƙwan, yana maimaita Innalillahi, yana cewa kayan mutane ne, bashi ya ɗauko. Ba wanda ya yi dariya a shagon. Na ce, "Ɗana, ina muryar nan ta tafi a cikin naka?" Ya ce, "Kawu, ai sai an cire ta. In an bar ta ba ya ba da dariya."

Gaskiya ya faɗa, kuma a cikin amsarsa duk maganar take. Wani masanin falsafa Bafaranshe, Henri Bergson, ya wallafa littafi kan dariya a 1900, inda ya lura da abu biyu. Na farko, muna dariya ne idan mutum mai rai ya yi kama da inji, ya ci gaba da tafiya a inda ya kamata ya tsaya. Na biyu, dariya ba ta samuwa sai an kashe wa tausayi jiki na ɗan lokaci. Duba yadda mai haɗa bidiyo ke cika sharuɗɗan biyu da yatsa ɗaya. Ƙarin gudu ya mai da dattijo inji, domin mai jin ciwo a hankali yake tashi, kuma a wannan jinkirin ne muke gane ciwonsa. Cire murya ya kawar da nishi da salati, waɗanda su ne ƙofar da tausayi ke shigowa. Sai a kawo fiyano ya zauna a gurbin muryar mutumin, yana faɗin kishiyar abin da ya faɗa. Dattijo ya ce ya shiga uku, kiɗa ya ce ba komai. An toshe bakin mai haƙƙi, an ba wani baki ya yi magana da sunansa.

Gazali yana ganin sauraro ba ya zuba wa zuciya abin da babu a cikinta, abin da ke kwance yake motsawa. Na yarda da shi, sai dai abin da na gani a shagon nan ya nuna mini cewa abin da ke kwance a zuciya ba ɗaya ba ne. Samarin nan suna da tausayi, suna kuma da wannan ɗan jin daɗin da ɗan Adam kan ji in ya ga wani a ƙasa shi yana tsaye. Duka biyun suna nan. Sautin da aka sa shi ya zaɓi wanda zai farka. Saboda haka wanda ya zaɓi sautin ba zai ce shi hoto kawai ya nuna ba. Ya yi hukunci a kan abin da ya faru, ya isar da hukuncin ga dubban mutane ta hanyar da ba za su iya musu ba, domin magana ana jayayya da ita, kiɗa kuwa kafin hankali ya tashi ya riga ya shige. Ba a gaban alƙali aka ba da wannan shaida ba, kuma ban ce hukuncinta ɗaya da na shaidar zur a fiƙihu ba. Amma jinsinsu ɗaya ne: ka san abu ya faru ta wata fuska, ka nuna wa jama'a ta wata fuskar, wani ya cutu. Buhari da Muslim sun ruwaito cewa da Manzon Allah ya zo kan maganar zur cikin manyan zunubai, yana kishingiɗe sai ya tashi zaune, ya yi ta maimaitawa.

Magabata sun gamu da wannan mas'ala ido da ido. Muslim ya ruwaito cewa wasu samarin Ƙuraishawa sun shiga wurin Nana A'isha a Mina suna dariya. Ta tambayi dalili, suka ce wane ne ya yi tuntuɓe da igiyar tanti ya faɗi, har wuyansa ko idonsa ya kusa tafiya. Ta hana su dariyar, ta tuna musu abin da ta ji daga Manzon Allah, cewa ko ƙaya ce ta soki Musulmi ana ɗaga darajarsa da ita, a kankare masa zunubi. Wato a daidai lokacin da samarin ke ganin mutum ya yi ƙasa, a wurin Allah sama yake yi. Imamu Ahmad ya ruwaito cewa Abdullahi ɗan Mas'udu ya hau bishiya zai tsinko asuwaki, iska ta kaɗa shi, mutane suka yi dariyar sirantar ƙwaurinsa, Manzon Allah ya sanar da su cewa ƙafafun nan sun fi dutsen Uhudu nauyi a mizani.

Wanda ya fi ratsa ni shi ne abin da Buhari ya kawo daga Anas. Ana dawowa daga tafiya, taguwar Manzon Allah ta yi tuntuɓe, ya faɗo shi da Nana Safiyya da ke bayansa. Abu Ɗalha ya diro da sauri, aka umarce shi ya kula da matar. Sai ya fara rufe fuskarsa da mayafi, sannan ya nufi inda take ya jefa mata mayafin. Tun kafin ya kai hannu, idonsa ya fara kawarwa. Wannan ita ce tarbiyyar da aka gina mu a kai. Shi ya sa a ƙasar Hausa in mutum ya faɗi, abin da ke fara fita a bakin jama'a sannu ne da tambayar ko ya ji ciwo, in kuma mace ce sai wata ta ruga da gyale. Wani abokin aikina Kirista, mutumin Wusasa, ya tuna mini cewa littafin Karin Magana, sura ta 24 aya ta 17, ya hana murna da faɗuwar ko da maƙiyi ne. Unguwannin Sabon Gari da masallaci da coci ke maƙwabtaka ba su da saɓani a nan.

Ɗan ƙanwata bai rasa hujja ba, kuma hujjojinsa sun cancanci amsa. Ya ce, "Kawu, mutane na cikin matsi. Ga tsadar abinci, ga rashin tsaro. In ba a yi dariya ba ai zuciya sai ta buga." Haka ne, kuma ba ni da niyyar hana talaka dariya. Amma dattijon ma talaka ne, yana cikin matsin da muke ciki, ranar kuwa nasa ya fi namu. Sauƙin da aka samu da kuɗin mutuncinsa ba kyauta ba ne, shi ya biya, ba a kuma tambaye shi ba. Na san dariya kan kufce wa mutum in abu ya faru a gabansa ba zato, kuma Allah ba ya kama bawa da abin da ya fi ƙarfinsa. Mai haɗa bidiyo ba haka yake ba. Zama ya yi, ya kalli asalin, ya ji muryar, ya yanke shawarar cire ta, ya auna inda usur zai faɗo. Aikin ganganci ne daga farkonsa har ƙarshe.

Ya ce kuma ai mu Hausawa mutanen zolaya ne, Bakano da Bazazzagi, Bafulatani da Babarbare, jika da kaka, taubashi da taubashi. Nan ma haka ne. Sai dai wasan barkwancinmu yana da ƙa'idar da ta tsare shi tun kaka da kakanni: wanda ka zolaya yana gabanka, ya san ka, kuma yana da bakin ramawa. Bakano ya jefo tasa, Bazazzagi ya mayar masa da biyu, a tashi ana tafawa. Dattijon Kwangila da wa zai rama? Bai san ma ana yi ba, sai ranar da jikansa zai dawo daga makaranta yana kuka don yara sun nuna masa kakansa. Haƙorin dariya shi ke cizo, in ji masu iya magana. Ya ƙara da cewa shi bai zagi kowa ba, bai furta kalma ko ɗaya ba. Gazali ya riga ya amsa wannan a babin illolin harshe, inda ya nuna giba ba ta tsaya ga furuci ba, tana shiga ishara da kwaikwayo da rubutu da duk abin da ke isar da manufa. Abu Dawuda ya ruwaito cewa an yi wa Nana A'isha da kanta gargaɗi mai nauyi saboda ta nuna gajartar Nana Safiyya. In hannu na iya giba, fiyano ma na iyawa.

Akwai kuma batun inda dariya ta dosa. A fadojinmu akwai wawan sarki, mai faɗa wa sarki abin da waziri ba zai iya ba. Akwai wasan gauta, inda matan fada kan kwaikwayi sarki da hakimansa a gaban idonsu. A nan Samaru, malamai da ɗaliban wasan kwaikwayo na Jami'ar Ahmadu Bello, masu dandalin wasa na ginin ƙasa, sun fita da wasa zuwa ga jama'a, daga Wasan Manoma da aka yi a Soba a 1977 zuwa shirin da ɗalibai kan shiga unguwannin Samaru su ji kukan mutane su mai da shi wasa. Dariyar da ke cikin waɗannan sama take duba. Mai iko take yi wa tambaya, tana kuma ba marar ƙarfi murya. A bidiyon dattijon akwai abin da ya cancanci zolaya mai zafi, wato ramin da ke tsakiyar titi da duk wanda ya bar shi a haka. Kiɗan ya ɗauke idonmu daga ramin ya ɗora a kan wanda ramin ya kayar.

Abin lura shi ne, babban gwanin wannan fage bai yarda da kiɗan da ake jingina masa ba. Chaplin, wanda aka haifa a Landan a 1889, ya ɗanɗani talauci tun yana yaro, ya zauna a gidan gajiyayyu, mahaifiyarsa ta yi fama da taɓin hankali. Da fasaha ta ba shi damar liƙa sauti a fim, ya tsara kiɗan City Lights na 1931 da kansa. A tarihin rayuwarsa da ya wallafa a 1964 ya bayyana cewa masu taya shi aiki kan so kiɗan ya zama na ban dariya, shi kuwa ya ƙi, yana son kiɗa mai kyau da natsuwa wanda zai yi wa ɗan yawo mai yagaggen takalmi, da yake fitowa a matsayinsa, rakiya cikin girma. Haka ma mai kallon The Gold Rush na 1925, inda yunwa ta sa ya dafa takalminsa ya ci, yakan yi dariya amma ba ya raina shi. Kana dariya kana tare da shi. Chaplin ya san yunwa a cikinsa, bai yarda a ce ba ta da zafi ba.

Wannan shi ne abin da nake fata ga samarinmu masu basira, kuma suna da yawa a Sabon Gari da Samaru. Su ɗauki salon nan su yi aiki da shi, don salo ne mai daɗi, ba ya neman kuɗi mai yawa, kuma yana ratsa kowane harshe. Su rubuta wasansu, su samu abokan da suka yarda su faɗi, su koyi faɗuwar kamar yadda Keaton da Ibro suka koya, su zolayi mai ha'inci a awo da mai karɓar na goro da mai alkawarin da ba ya cikawa. In ɗan wasa ne ya faɗi da yardarsa, a buga fiyano har gari ya waye. In kuwa bawan Allah ne tsautsayi ya faɗa masa a hanyar neman abincinsa, to muryarsa ita ce gaskiyar abin da ya faru, ba wanda ke da ikon cire ta ya sa wata. Malamanmu ma, in sun tashi wa'azi kan waya da abin da ke cikinta, su faɗaɗa maganar ta wuce halaccin kayan kiɗa, ta kai ga mutuncin mutumin da ke cikin hoton, domin ko da an cire fiyanon an sa muryar baki zalla, zaluncin yana nan.

Mu masu kallo kuma ba mu kuɓuta ba, don bidiyo ba ya tafiya da ƙafarsa, mu ke tura shi. Malamai sun karantar da mu cewa laifin da ke tsakanin bawa da Ubangijinsa tuba na shafe shi, amma haƙƙin ɗan Adam sai mai shi ya yafe. Buhari ya ruwaito umarnin cewa duk wanda ya zalunci ɗan'uwansa a mutunci ko wani abu ya nemi warwarewa tun yau, kafin ranar da ba dinari ba dirhami. Muslim kuma ya kawo bayanin matsiyaci na haƙiƙa, wanda zai zo da salla da azumi da zakka, a yi ta ɗiban ladansa ana biyan waɗanda ya ci wa mutunci har ya ƙare. Wanda ya ci naman maƙwabcinsa ya san ƙofar da zai je ya yi sallama ya nemi gafara. Wanda ya tura bidiyon dattijo mai keke zuwa zaure goma na WhatsApp bai san sunansa ba, bai san unguwarsu ba, ba ya kuma iya janye abin da ya riga ya bazu. Ɗan ƙanwata ya ce mini ai ba wanda ya san mutumin, yana nufin laifin ya yi sauƙi. Ni a ganina nan ne ma ya fi nauyi, domin bashi ne da ba ka san inda za ka kai biyansa a duniya ba, mai shi kuwa ba zai ɓace ba a ranar da za a tara kowa.